Amsa ga Maman Haidar kan zuwa Legas da ƙananan yara

Maman Haidar, kin tambaya ko za ki iya ɗibar yara uku, autan bai cika shekara biyu ba, daga nan Sakkwato zuwa wurin yayanki a Agege lokacin dogon hutu. Za ki iya, 'yar'uwa. Sau uku ina kai nawa, ƙanwar maigidana ce ke aure can.

Hanya ta haura kilomita 1,000: Jega, Yawuri, Kontagora, Mokwa, ku haye gadar Jebba, sai Ilori da Ibadan. Zuwanmu na farko mun yi ta a zama ɗaya, kuma ban sake ba, don kafin mu kai Mokwa yaran sun gama galabaita. Yanzu Ilori muke yada zango. In da hali, daga Ibadan ku hau jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2021, yana da tasha a Agege, yara su miƙe ƙafa. Sabon titin Sakkwato zuwa Badagiri da aka ƙaddamar a 2024 kuwa, Allah ya nuna mana gamawarsa.

Abin da ban shirya masa ba shi ne iskar garin. Mu da muka saba da ranar Afrilu, na ɗauka ba zafin da zai ba ni tsoro. Ashe namu busasshe ne, gumi na fita ya bushe. Nasu kuwa danshi ne, jiki ya yini a jiƙe. Kwana uku wuyan jaririyata ya feso da ƙuraje. Ki ɗauki kaya marasa nauyi na auduga da hoda, shaddar kwalliya kala biyu ta isa. Wanki ma sai ya kwana biyu bai bushe ba, musamman a Yuni da Yuli da ruwa ya fi ƙarfi. Gidan sauro kuma ki tafi da naki, kada ki ɗora wa masu gida.

Sai maganar teku, wadda ita ce ta sa na zauna rubutun nan. Yaranmu iyakar ruwan da suka sani Gulbin Rima ne, wasu sun ga madatsar Goronyo. Teku ba haka take ba. Igiya takan zo ta daki ƙafa, in za ta koma sai ta zare yashin da mutum ke tsaye a kai. A gabana ta kayar da ɗana mai shekara shida a bakin ruwan Badagiri, ruwan ko gwiwarsa bai kai ba. Allah ya sa babansa na riƙe da rigarsa. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Tun daga ranar, kowane yaro da babban da ke riƙe da hannunsa, kuma ba a barin yaro wurin ɗan'uwansa yaro, ko da 'ya'yan gidan sun ce sun saba. Ku je da hantsi, su yi wasan yashi daga nesa, su tsinci kwanson wuri, ya ishe su labari har su dawo makaranta.

Abinci ba matsala, Agege cike take da Hausawa, akwai masa da tuwo, ga burodinsu da yara ke so. Miyar waje ce dai ki ɗanɗana kafin ki ba su, barkono ba kaɗan ba.

Ziyarar dangi kuma, gida ɗaya a rana. Cunkoson motoci kan cinye awa biyu tsakanin Agege da Obalende, yaro ya isa gidan gwaggonsa yana kuka. Tsaraba ki riƙa musu kilishi, ƙuli-ƙuli, daddawa da garin kuka. Ƙanwar maigidana ko sannu da zuwa ba ta gamawa sai ta tambayi daddawarta.