Tallafin Ɗumama Gida a Ingila: Amsoshin Wasiƙunku

Wani ɗan'uwa daga Leeds: "Boilarmu ta gas ta tsufa. An ce gwamnati na ba da fam 7,500 ga wanda ya sa na'urar da ke zuƙo ɗumi daga iskar waje. Yaushe kuɗin za su shigo asusuna?"

Ba za su shigo ba, malam. Shirin Boiler Upgrade Scheme na Ingila da Wales ne, kuma a Oktoban 2023 aka ɗaga shi zuwa fam 7,500, amma kamfanin da zai yi aikin ne ke neman kuɗin daga Ofgem, hukumar da ke sa ido kan harkar wuta da gas, sai ya rage maka daga farashi. Dole kamfanin ya kasance da rajistar MCS, wato shaidar ingancin masu sa irin waɗannan na'urori, gidan kuma ya zama mallakinka. Aikin yakan haura fam 10,000, ka ga akwai ciko daga aljihunka. Kafin duk wannan, hau ka leƙa cikin rufinka. Gidan da ba a shimfiɗa wa audugar tare ɗumi ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗuminsa ta sama yake sulalewa. A cika ta zuwa kaurin santimita 27 tukuna.

Wani daga Landan: "Zan iya karɓar tallafin in sa sola a gidan da nake ginawa a Kano?"

Haba dai! A'a.

Wata baiwar Allah daga Birmingham: "Wani mutum ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, rataye da katin aiki, ya ce gwamnati ce ta turo shi za a lulluɓe mana bango da abin tare ɗumi kyauta. Ya ɗauki hoton takardun tallafina, na sa hannu. Maigida ba ya nan. Tun ranar ba na iya barci."

Kwantar da hankalinki, Hajiya, in dai ba a yi mako biyu ba, ba ki makara ba. Yarjejeniyar da aka ƙulla a bakin ƙofa, doka ta ba ki kwana 14 ki soke ta. Ki rubuta musu yau, ki ajiye kwafi, kada ki bari su kafa tsani. Idan suka yi taurin kai, ki kira Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta.

Bari in yi magana da sauran jama'a, domin abin ya isheni. Da an ce "kyauta", sai mutanenmu su buɗe ƙofa har da kawo shayi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin shirye-shiryen lulluɓe gidaje don tare ɗumi irin su ECO4 daga kamfanonin wuta da gas suka fito, wato daga bil ɗinmu, kuma ɗan kwangila iya gidajen da ya yi iya abin da zai samu. To me zai sa ya tsaya duba ko iska na shiga ɗakinki? A Janairun 2025 gwamnati ta dakatar da kamfanoni 39 saboda aikin ha'inci. A Oktoban shekarar, ofishin binciken kuɗin ƙasa, National Audit Office, ya ce kashi 98 cikin ɗari na gidajen da aka lulluɓe wa bango ta waje a waɗannan shirye-shirye suna buƙatar babban gyara. Aka toshe gida, laima ta rasa hanyar fita, sai ga baƙar funfuna a kusurwar ɗaki, bayan kabad, yara na ta tari. Masu feshin kumfa a cikin rufi kuwa, nasu ya fi muni: ranar da ka tashi sayar da gidan, wasu bankuna ba za su ba mai saye bashi ba sai an kankare ta, da kuɗinka. Katin da ke rataye a wuya kowa na iya bugawa. Ku duba sunan kamfani da kanku a shafin TrustMark, rajistar 'yan kwangila da gwamnati ta amince da ita, ku fara neman bayani daga gov.uk ko ƙaramar hukumarku, ku karɓi farashi daga kamfani uku, kada a biya kuɗin aiki duka tun ba a fara ba.

Wata ɗaliba daga Manchester: "Haya nake. Ɗakina sanyi, taga na zubar da ruwa. Ni zan nemi tallafin?"

Sannu, ƙanwata. Gyaran na mai gidan ne, ba naki ba. Tun Afrilun 2020 ba a yarda a ba da hayar gidan da makinsa a takardar EPC, mai auna yadda gida ke tattalin makamashi daga A zuwa G, ya gaza E ba, sai in yana da rangwame na musamman. Ki duba makin a intanet, kyauta ne. Ki ɗauki hoton tagar, ki aika masa a rubuce. In ya yi kunnen uwar shegu, ki kai ƙara sashen kula da gidaje na ƙaramar hukuma.