Sawun mutane a kan dusar ƙanƙara ba shaida ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a karkarar Gumel. Ƙanina yana karatu a Erzurum ta Turkiyya, ranar Asabar za su hau dutse da abokansa, su bar hanyar da hukuma ta killace. An kwana biyu ana zuba dusar ƙanƙara, yanzu rana ta fito, kuma jagoransu ya ce akwai sawun mutane a gangaren, ba komai. Inna ta kasa barci.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kira ƙanin naka yau. Tunda fanninka ne, ba sai na tsaya kan gangare ba. Ka san tsakanin digiri 30 zuwa 45 ne ƙanƙara ta fi zaftarewa. Kwana ɗaya ko biyu bayan an zuba sabuwa su ne mafi muni, ko da gari ya yi garau.

Maganar sawu ce ke ƙona min rai, don kullum sai na ji ta. Ka shimfiɗa tabarma a kan tsabar gero a gangaren sussuka. Mutum tara za su taka su wuce, na goma ya dace da inda geron ya fi sulɓi, tabarmar ta tafi da shi gaba ɗaya. Haka dusar ƙanƙara take: a sama akwai falle mai tauri da iska ta danƙare, a ƙarƙashi kuma wata shimfiɗa mai warwatse kamar sukari, ko ka dunƙula ta a hannu ba ta kamawa. Sawu a sama yake, cutar tana ƙasa. Wanda ya wuce jiya sa'a ya ci, bai gwada komai ba, kuma iskar dare ɗaya tana iya lafta wa wurin sabon kaya. Kusan tara cikin goma na waɗanda abin ke rutsawa da su, nauyinsu ko na abokin tafiyarsu ne ya tsinke fallen. Jagoran da hujjarsa sawu ce ɗan kama-wuri-zauna ne, komai yawan mabiyansa a TikTok. A lardin Van na Turkiyya, cikin Fabrairun 2020, ƙanƙara ta zafto kan wata mota, washegari ta biyu ta binne masu ceto a wuri guda, aka rasa fiye da mutum 40.

Ƙanin naka ya tambayi jagoran matakin haɗarin zaftarewar ƙanƙara na ranar. Ma'aunin 1 zuwa 5 ne, kuma a mataki na 3 aka fi mutuwa, don nan ne mutane ke cewa da sauƙi. In ya ji ƙasa ta yi "dum" ta ɗan nutse, ko tsaga ta ruga daga ƙafarsa, ya juya. Wanda ƙanƙara ta binne aka tono cikin minti 15 galibi yana rayuwa. Bayan rabin awa yawanci gawa ake ɗaukowa. In babu shebur, sandar lalube da na'urar gano wanda ya binnu a jakar kowannensu, ka ce masa Yaya ya hana. Inna kuma ka gaya mata zai tsaya a hanyar da aka killace.