Na cike fom na ɗora a Google Drive, na buɗe na tarar babu komai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Pantami nake rubutowa, nan cikin Gombe. Tallafin karatu nake nema, fom ɗin PDF ne, kuma ranar Juma'a za a rufe. Sau uku ina cikewa a kwamfutar yayana ina ɗorawa a Google Drive, amma da na buɗe a waya sai in ga ko sunana babu. Mai kafe ya ce manhajar kyauta ba ta ajiye rubutu, in kawo kwamfutar ya sa mini Adobe na kurak, wato na kuɗi da aka fasa don a yi amfani da shi ba tare da biya ba. Wallahi hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kwantar da hankalinki, in sha Allah kafin Juma'a kin gama.

Zato na farko, a Chrome kike cikewa. Rubutun da kike gani a fuskar kwamfuta yana cikin burauza ne, bai shiga fayil ɗin ba, ke kuma tsohon fayil ɗin kike ɗauka ki ɗora. Idan kin gama cikewa, danna alamar saukewa da ke sama, zai ba ki zaɓi biyu, ki ɗauki wanda ya haɗa da canje-canjenki, ki ba shi sabon suna, shi za ki ɗora.

Wani lokacin kuma rubutun yana nan, Drive ne ya kasa nuna shi. Sauke fayil ɗin ki buɗe da Adobe Acrobat Reader na kyauta ki gani. In kina so ya fito a kowace waya, danna Ctrl da P, a gurbin firinta ki zaɓi "Save as PDF". Rubutun zai manne da takardar, ba ya gyaruwa kuma, don haka ki ajiye kwafi biyu. Idan kuwa fom ɗin ya buɗe da "Please wait" kawai, tsohon tsarin XFA ne, wanda aka ajiye shi gefe tun fitowar PDF 2.0 a 2017. Wannan sai Reader a kwamfuta. Abin takaici ne a ce har yau akwai ofisoshin da ke raba irinsa ba tare da layi ɗaya na bayani ba.

Yanzu maganar mai kafe, don ita ce ta fi damuna. Ba gaskiya ba ce. Tun fitowar Reader XI a 2012 na kyautar yake ajiye abin da aka cike a fom. Kusan kullum sai wani ya shigo shagona da wannan zancen, har na gaji da maimaitawa. Kin san abu na farko da ake yi kafin a sa kurak? A kashe antibairos, wato manhajar da ke tsare kwamfuta daga cutarwa, domin in ba a kashe ba zai kama shi. To me ya sa yake kama shi? Wanda ya ɓata darensa ya fasa manhajar kuɗi ya watsa a intanet ba don Allah ya yi ba. Sau da yawa yakan cusa wani abu a ciki mai kwashe kalmomin sirrin da aka ajiye a burauza. Ki duba abin da ke cikin fom ɗinki: lambar NIN, ranar haihuwa, lambar waya, lambar asusu, wataƙila har BVN. Ga Gmail ɗin yayanki a buɗe, ga takardunsa duk a Drive.

Kwanakin baya wani malamin makaranta ya kawo mini laftof ɗinsa, fuskarsa duk ta canza. Sati biyu da sa masa kurak, aka shiga imel ɗinsa aka sauya kalmar sirri, takardun shekaru suka fi ƙarfinsa. Yana zaune a benci yana ta gwada tsohuwar kalmar, ni kuma ba abin da na iya yi masa a ranar sai goge kwamfutar gaba ɗaya. Masu kafe, ku ji tsoron Allah, amanar mutane ce a hannunku. Wanda bai san dalilin matsala ba ya ce bai sani ba, ya fi ya karɓi kuɗin yarinya ya jefa gidansu cikin masifa.

Kada ki kai kwamfutar. Reader ki sauke shi daga shafin Adobe kai tsaye. Bayan kin ɗora, ki buɗe a wayar wani ki karanta tun daga suna har sa hannu kafin ki tura.