Me ya sa muke yanke shi da kauri haka?

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa mai kaya ya ce yana son teburi mai kaurin inci 2, ni kuma na sa aka yanka falankin inci 3, sannan na ce masa ba zai ɗauka yanzu ba. Kana ganin kamar asarar katako muke yi. Jawo benci ka zauna.

Gungumen nan na itacen sida (cedar) ɗanye ne shar. Irin wanda ake samu a nan asalinsa daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu aka kawo shi aka dasa a Afirka ta Yamma, daban yake da wanda ke jikin tutar Labanan. Yana da laushin yanka, yana da ƙamshi, gara ba ta cika damunsa ba, shi ya sa masu yin kabad suke nemansa. Amma duk kyansa, ruwa ne cike a jikinsa, balle wanda ya daɗe a cikin ruwan Legas kamar gumagumen da aka saba hangowa a da a Oko Baba, wurin masu yankan katako, daga kan gadar Third Mainland. Ruwan nan yana fita, katako yana motsi.

Dubi bakin gungumen, ka ga zoben da suka kewaye cibiyarsa? Itace yana tsukewa ta bin zoben nan kusan ninki biyu na yadda yake tsukewa daga cibiya zuwa ɓawo. Saboda haka falanki mai faɗi ba ya bushewa a miƙe, sai gefunansa su ɗago ya yi kwarmi kamar faranti. Idan ya gama motsinsa dole a kankare fuska biyun a daidaita su, kuma a falanki mai faɗin ƙafa 3 kankarar nan kaɗai tana iya cin rabin inci ko fiye. Haɗa da abin da bushewa ta rage. In ka yanka inci 2 daidai tun farko, me za ka miƙa wa mai kaya?

Cibiyar ita ce babbar fitina. Falankin da ya ɗauko ta a tsakiyarsa sai ya tsage, ko wa ya yanka shi. Don haka kafin a tada inji nake sa ku auna tsayin cibiyar daga ƙasa a baki biyun, a sa wa siririn ɓangaren waigi har su zo daidai. Ta haka cibiyar za ta tsaya a falanki ɗaya, mu raba shi gida biyu mu cire tsakiyar. Ɓari biyun da suka rage su ne katakon da ya fi kowanne zama lafiya a duk gungumen, kada ka yarda a sayar da su da araha.

Ka kuma wanke yashin da ke ɓawo kafin zarto ya taɓa shi, ka duba ko akwai ƙusa.

Sai jerawa, wadda yara da yawa suke yi da gaggawa, kuma abin yana ɓata mini rai. A ɗaga daga ƙasa aƙalla ƙafa ɗaya, a wuri mai inuwa da iska ke ratsawa. Tsakanin falanki da falanki a sa busassun sanduna masu kaurin inci ɗaya, duk bayan ƙafa 2, kowace sanda daidai kan ta ƙasanta. In ta goce, nauyin na sama zai lanƙwasa na ƙasa. A shafe bakunan da fenti mai kauri ko kakin zuma ranar da aka yanka, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsagewa take farawa. A ɗora nauyi a sama.

Masu sana'a suna cewa kowane inci ɗaya shekara guda. Sida ya fi haka sauri, amma iskar Legas danshi gare ta, da wuya katako ya sauka ƙasa da kashi 15 cikin ɗari na ruwa a waje. Shi ya sa nake tambayar kowane mai kaya inda teburin zai zauna. Ɗaki mai na'urar sanyaya wuri zai ƙara tsotse shi, wanda za a kai Kano kuwa hunturu na jiransa. Irin waɗannan sai an ƙarasa busar da su a ɗakin busarwa, a gwada da na'urar auna danshi.

Tashi ka ɗauko fentin da alli, ka rubuta kwanan watan yau a bakin kowane falanki.