Wa ke da iko da adireshin .ng?

Tambaya: Ina da shafin sayar da atamfa mai adireshin .ng. Wa ke iko da shi, kuma za a iya ƙwace mini sunan ba tare da an ji ta bakina ba? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Hajiya, ƙungiyar rajistar intanet ta Najeriya (NiRA), wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da .ng, wato ƙarshen adireshin intanet na Najeriya, kamar yadda Nijar ke da .ne. Hukumar ICANN, mai daidaita sunayen intanet na duniya, ita ke riƙe da babban kundin da ke nuna wanda aka damƙa wa adireshin kowace ƙasa, bisa ƙa'idar da aka rubuta tun 1994, wadda ta ɗauki mai kulawar a matsayin mai riƙon amanar jama'a. Sai dai ICANN ba ta shiga rikicin ɗaiɗaikun masu rajista, don haka dokar ƙasa da ƙa'idojin NiRA ne madogararki.

Idan wani ya yi da'awar sunan nasa ne, akwai tsarin sasanta rikici da zai ba ki damar kare kanki, ƙofar kotu kuma a buɗe take. A ganina, mantawa da sabunta rajista ta fi ƙwace yi wa 'yan kasuwa illa, domin sanarwar takan tafi tsohon imel ɗin yaron da ya buɗe musu shafin.