Kaset ɗin ABBA a akwatin Baba

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Ka ce kun tarar da kaset ɗin mawaƙan ABBA a akwatinsa a Ringim, kana tambayar ko ana tunawa da su, da yadda za ka adana shi.

Ana tunawa sosai. Su huɗu ne, 'yan Suwidin. Sun cinye gasar waƙa ta ƙasashen Turai, wato Eurovision, a 1974, an buɗe musu gidan tarihi a babban birninsu a 2013, har suka fitar da sababbin waƙoƙi a 2021.

Kada ka yi garajen zura shi a tsohuwar rediyo. Tawa ta taune min zaren wani kaset, har yau abin na cin raina. Raba shi da rana da ƙura. Idan zaren ya yi fumfuna, kai wa mai gyaran rediyo ya duba, sannan a juye maka a memori.