Tambayi Mai Gyara: haɗa kwamfutar gem da kuɗi kaɗan a Damagaram

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da wannan mako. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk abu ɗaya suke magana a kai, matasa na son kwamfutar buga gem amma aljihu babu nauyi. Na zaɓi huɗu a ciki, ta farkon za ta ɗan ja mu da tsawo dan amsarta ta shafi mutane da yawa, sai ku yi haƙuri.

Tambaya daga wani ɗalibi, Garin Malam:

"Salam Malam ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a jami'ar André Salifou, na daɗe ina tari da ƴar sana'ar cajin waya da nake yi, yanzu ina da jika 250 na sefa kuma ina son in haɗa kwamfuta ta tebur da hannuna saboda eFootball da GTA V, in hali ya yi har da FC. Abokina ya ce in zuba jika 180 a katin girafik sauran kayan in lallaɓa da masu araha wai katin shi ne komai. Dan Allah mi ka gani?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa sana'a albarka. Gaskiya maganar abokinka tana da tushe, a wajen gem katin girafik, wato abin da ke zana hoton da kake gani a ekran, shi ke ɗaukar mafi yawan aiki, amma wannan lissafin na mutumin da ke zaune a ɗaki mai sanyi ne kuma wutar gidansu ba ta rawa. Kai a Damagaram kake, inda watan Afrilu da Mayu zafi ke haura digiri 40, hunturu kuma ƙura har cikin kwanon abinci, ga kuran yana zuwa yana tafiya wani lokaci ya dawo da ƙarfi fiye da kima. In ka zuba kuɗinka duka a kati ka sayi alimantasiyo ta banza, wato akwatin nan da ke raba wa kayan wuta, wallahi ranar da ta ƙone ba ita kaɗai za ta tafi ba, tana iya jan katin da kart mer ɗin, wato babban allon da ake soke duk kayan a jikinsa, su tafi tare, tarin shekara ya tashi a banza. Na ga irin wannan a shago ya fi a ƙirga kuma kullum abin na min ciwo, domin yawanci yaran da suka fi wahalar tara kuɗin ne yake faɗa wa.

To ga yadda zan yi da ni ne. Kafin komai ka ware kuɗin alimantasiyo mai suna, watt 500 ko 550, mai tambarin 80 Plus Bronze, irin na Corsair ko Seasonic ko Cooler Master, kuma sabuwa in da hali. Wannan shi ne abu ɗaya da ba na son ka saya na hannu. Ka ɗaga ta ka ji nauyinta, wadda aka rubuta mata watt 700 amma kana ɗagawa ka ji kamar gwangwanin madara babu komai ciki, aje ta ka yi gaba. Sannan ka ware na regilatar, mai daidaita ƙarfin wuta, ko ondilar, mai batir da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in an ɗauke wuta. Abin da ya rage bayan waɗannan biyun shi ne kuɗin kwamfutarka na gaskiya, da shi za ka yi lissafi.

Daga nan hanya biyu ce. Ta farko ka sayi furosesa, wato abin da ke yi wa kwamfuta lissafi, Ryzen 5 5600G na AMD, wanda ya fito a 2021, yana da kwakwalwa 6 kuma girafik ɗinsa na cikinsa, ma'ana za ka kunna ka buga gem ba tare da ka sayi kati ba sam. eFootball da GTA V zai buga maka su in ka rage kyan hoto zuwa ƙasa ko matsakaici, ba zai yi kyau irin na bidiyon da kake gani a YouTube ba amma za ka buga ka ji daɗi, kuma watt 65 ne furosesan, ɗaki ba zai yi zafi sosai ba, ondilar ƙarama ma ta riƙe shi. Bayan wata shida ko shekara in ka sake tari sai ka sayo kati ka ɗora a kai ba ka canza komai ba. Ni wannan hanyar na fi so wa ɗalibi, saboda ba ta sa mutum sayen tarkace don gaggawa.

Hanya ta biyu, in ka ce lallai FC, gem ɗin ƙwallon nan na kamfanin EA, kake so tun yanzu, sai ka nemi Ryzen 5 3600 ko 5600 na hannu, waɗannan ba su da girafik a ciki dole sai da kati, ka haɗa da kati na hannu. FC 24 ma mafi ƙarancin katin da kamfanin ya ce shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570. Wanda za ka fi cin karo da shi a kasuwa da araha shi ne RX 580 mai giga 8, kati ne na 2017 kuma har yanzu yana aiki, sai dai yana shan watt 185, kuma ka sani duk wutar da kati ya sha zafi take komawa a cikin ɗakinka. GTX 1660 Super watt 125 yake sha, RX 6600 kuma watt 132 alhali ya fi RX 580 ƙarfi nesa ba kusa ba. In bambancin kuɗin bai fi ƙarfinka ba RX 6600 ɗin nan shi ne ya dace da garinmu. Wani abu kuma, da yawa cikin RX 580 da ke yawo an yi haƙar kuɗin intanet da su dare da rana kafin Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗin intanet ɗin, ta daina wannan tsarin a watan Satumba 2022, sannan akwai mai suna RX 580 2048SP wanda a zahiri ƙarfinsa kusan na RX 570 ne. Saboda haka kar ka biya sai an saka katin a kwamfuta a gabanka, a buɗe manhajar GPU-Z ka ga sunansa na gaskiya, a sa shi aiki mai nauyi da manhajar gwaji FurMark kamar minti 15 kana kallon zafinsa, kana sauraren fankokinsa, kana duba ko wasu layuka ko ɗige-ɗige na fitowa a ekran. Mai kayan da ya ce ba shi da lokacin gwaji kai ma ba ka da kuɗin ba shi.

Duk furosesan nan da na ambata gurbinsu ɗaya ne, AM4, kart mer B450 ko B550 za ta ɗauke su, amma in B450 ce tsohuwa ka tambaya ko an sabunta mata BIOS, wato ƴar manhajar da ke cikin allon, in ba haka ba ba za ta gane Ryzen 5000 irin su 5600G da 5600 ba, ka kunna ka ga baƙin ekran ka zaci kayan ne suka lalace. RAM kuma, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, DDR4 giga 16, amma ka saye shi guda biyu 8 da 8 ba guda ɗaya mai 16 ba, musamman in 5600G ka ɗauka domin girafik ɗinsa daga RAM yake aron wuri, guda biyun nan na ƙara masa gudu sosai. In gurbi huɗu ne a allon yawanci na biyu da na huɗu ake sakawa. Wajen ajiya SSD, wato ma'ajiya mai sauri wadda ba ta da faifai mai juyawa, giga 500 ko 512 ya isa farawa, ka tuna GTA V kaɗai yana cin kusan giga 100. Gidan da za ka saka kayan kar ka bi mai gilas da fitilu masu launi, ka nemi mai raga a gaba inda iska ke shiga, da fanka biyu gaba ɗaya baya.

Farashi yana tafiya ne da canjin naira da sefa shi ya sa ka fara zagayawa Kasuwar Dole da shagunan masu gyara ka rubuta abin da ka ji, sannan ka kwatanta da na Kano wajen titin Beirut, ka haɗa har da kuɗin mota da na hanya. Wani lokaci ɗan ƙarin da za ka biya a gida ya fi maka, domin in abu ya ƙi aiki ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Ranar haɗawa kuma ka cire wayar wuta, ka taɓa ƙarfe kafin ka taɓa kayan, ka kula da ƴan ƙusoshin da ke ƙasan Ryzen kar su lanƙwashe, ka duba ƴar kibiyar da ke kusurwarsa ta yi daidai da ta gurbin, zai zauna da kansa ba a danna shi da ƙarfi. In ka saka kati wayar ekran a jikin katin za ka jona ba a jikin kart mer ba.

Tambaya daga wani tela, Zango:

"Malam ina da wata Dell ta ofis da yayana ya ba ni, OptiPlex ce siririya, i5 ce a ciki. Zan iya saka mata kati in riƙa buga ƙwallo da dare bayan na tashi daga ɗinki?"

Za ka iya maigida, kuma wannan na cikin hanyoyi mafi araha da ke akwai. Sai dai siririn gidan nan kati mai tsayi ba ya shiga, dole ka nemi gajere wanda aka yi don irin waɗannan, kuma wanda ba ya neman wata wayar wuta daban domin alimantasiyon irin waɗannan injinan ƙarama ce kuma sau da yawa mahaɗinta na kamfanin ne ba za ka iya musanya ta da ta kasuwa kai tsaye ba. GTX 1050 Ti ko GTX 1650 gajeru su ne daidai, watt 75 suke sha daga gurbin da aka soke su. Ka buɗe ka karanta watt nawa aka rubuta a jikin alimantasiyon kafin ka sayi komai, in ta yi ƙanƙanta da yawa ka kai wa mai gyara ya duba. Ka ƙara RAM ya kai giga 16, in faifai mai juyawa ne a ciki ka canza shi da SSD, nan ne za ka fi jin bambanci. Ka duba kuma furosesan i5 ɗin zubi na nawa ne, Windows 11 daga zubi na 8 take karɓa, Windows 10 kuwa Microsoft ya tsayar da kula da ita ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. In ta girmi haka za ta buga gem dai, amma kar ka narka mata kuɗi mai yawa.

Tambaya daga wata uwa, Birni:

"Malam yarona ya dame ni sai na saya masa kwamfutar gem, yana lise, ina tsoron kar ta raba shi da karatu kuma kuɗin ba kaɗan ba ne."

Hajiya tsoronki yana kan hanya, Allah ya shirya mana su. Shawarata kar a saya masa haɗaɗɗiya, a sa shi ya zauna ya rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya da dalilin kowanne, ya yi cigiyar farashi, ya haɗa da hannunsa a gaban wani mai gyara da kika yarda da shi. Yaron da ya yi wannan ya koyi rabin sana'a. Sannan a aje ta a falo inda ido ke kai, a yanke masa lokaci, injin ɗin da ke buga gem shi ne dai zai yi masa aikin makaranta da koyon zane da haɗa bidiyo.

Tambaya daga wani mai ɗakin gem, Sabon Gari:

"Yaya, kwamfutata tana aiki lafiya da safe amma da azahar in yara suna tsakiyar wasa sai ta mutu da kanta, wani lokaci kuma in ka taɓa jikinta sai ta ɗan ja ka."

Matsala biyu ce ka haɗa ɗan'uwa. Mutuwar azahar zafi ne kusan tabbas, furosesa in ya kai iyakarsa yana rage gudu, in abin ya ci gaba ya kashe kansa don kar ya ƙone. Ka saka manhajar HWMonitor ka kalli zafin furosesan lokacin da yara ke wasa, in kana ganin digiri 90 zuwa sama to ga mai laifin nan. Ka kashe, ka cire waya, ka fitar da ita waje ka hure ƙurar da abin hura iska, amma ka riƙe fankokin da yatsa kar iska ta juya su da gudu. Ka cire abin sanyaya furosesan ka goge tsohon man da ya bushe, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya ka mayar. Ka ɗaga ta daga ƙasa ka ɗora a tebur, ka janye ta daga jikin bango, lokacin hunturu kuma wannan shara duk wata ce. In ka yi duk wannan zafin ya sauka amma tana ci gaba da mutuwa sai ka zargi alimantasiyo, ita ma zafi na rage mata ƙarfi. In kana da ondilar ka duba lambarta, mai 650VA abin da take iya ɗauka bai fi wajen watt 360 ba, in ka jona mata injin mai kati da ekran biyu ta yi kaɗan.

Jan da take yi kuwa kar ka raina shi tunda yara ne ke taɓawa, alama ce wayar ɗakin ba ta da ta ukun nan da ake binnewa a ƙasa. Ka kira mai aikin wuta ya kafa maka ƙarfen ya ja waya zuwa soket ɗin, kuma kafin ya zo kar kowa ya taɓa jikinta da jiƙaƙƙen hannu ko ƙafa ba takalmi.

Masu tambaya kan kunna kwamfuta da hasken rana da batir na ga saƙonninku, mako mai zuwa in Allah ya kai mu da su za mu fara, ku aiko min da girman batirin da na fano ɗin da kuke da shi dan in yi muku lissafin daidai.